Letensi da Hausa: ni dai na tsaya a kan "tazara", ku fa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin murya, da na gidajen rediyo da masu ɗora murya a finafinan fassara. Akwai kalmar da ta tsaya min a rai kwana biyun nan, ina so mu zauna a kanta mu samo mata Hausa. Kalmar ita ce latency, wadda a sitidiyo muke ce wa letensi kawai mu wuce abinmu.

Abin da ya jawo maganar, ranar nan ina ɗaukar wata talla a ɗan ɗakina, na kashe fanka na rufe taga na sauke bargunan da na rataya a bango, zafi kamar me, darakta kuma tana Legas tana saurarona ta Cleanfeed, wata manhaja mai haɗa murya kai tsaye ta intanet. Ƙanena da nake koya wa aiki yana zaune a gefe da nasa hedifon. Na karanta layi na gama, shiru. Na ɗauka ba ta ji ba sai na fara maimaitawa, daidai lokacin muryarta ta iso tana cewa ya yi kyau, muka yi karo, na tsaya ita ma ta tsaya, muka sake farawa tare. Da aka tashi yaron ya ce min "Yaya, netwok ne ba kyau?" Na ce a'a netwok lafiya lau, letensi ne. Ya ce mene ne shi kuma? Na buɗe baki zan faɗa masa da Hausa, wallahi babu kalmar a bakina.

To bari in fara faɗin abin da yake kafin a raɗa masa suna. Idan ka yi magana a makirufo, muryar sai ta shiga saunkad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, a mayar da ita lambobi, manhaja ta matse ta ta yanka ta ƙanana-ƙanana, ta bi rauta, akwatin da ke raba intanet a gida, ta hau layin kamfani, wani lokacin ma sai ta biya ta wata saba, wato babbar kwamfutar da saƙo ke ratsawa, a Turai kafin ta dawo Legas ɗin, can kuma a tara gutsattsarin a jera su a warware sannan kunne ya ji. Kowane zango yana cin ɗan lokaci. Jimillar wannan lokacin shi ne abin da muke nema wa suna, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Hukumar sadarwa ta duniya ITU, a ƙa'idarta G.114, ta nuna in bai wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya ba yawancin mutane za su yi hira ba tare da damuwa ba. Ya haura nan sosai sai a fara irin karon da muka yi.

Na fara tambaya a gurup ɗinmu, amsa ta farko ita ce jinkiri. Ita ce ta fi sauƙin zuwa baki kuma ba zan ce kuskure ba ce. Amma ku saurari yadda muke amfani da ita: an samu jinkirin albashi, jirgi ya yi jinkiri. Kullum akwai lokacin da aka sa sai aka saɓa, wani ya jawo, kuma in an gyara jinkirin zai tafi gaba ɗaya. Letensi kuwa ba ya tafiya, ko layinka ya fi na kowa kyau a duniya yana nan, sai dai ya ragu. In na ce wa yaro "akwai jinkiri" zai tashi ya je ya kashe rauta ya kunna yana jiran abin ya wuce.

Wani ya ce latti, tunda ma sun yi kama a kunne. Wannan na ɗalibi ne da ma'aikaci, ban ɗauka ba. Tsaiko kuma abu ne ya tsaya cak, murya ko ba ta tsaya ba, tafiya take.

Wata yayarmu da ta daɗe a rediyo ta ce su a da amsa-kuwwa suke cewa. Hajiya, da girmamawa, ina ganin wannan wani ciwon ne daban, duk da tare suke zuwa. Amsa-kuwwa ita ce ka ji muryarka ta dawo maka, ko dai don na can bai sa hedifon ba lasifikarsa tana zuba cikin makirufonsa, ko injiniya bai cire muryarka daga abin da yake turo maka ba. Letensi shi ne ke sa dawowar ta zama abin haushi, don in ka ji kanka bayan rabin daƙiƙa harshenka sarƙewa yake yi ba ka iya ƙarasa jimla. Amma ana iya samun letensi babu amsa-kuwwa ko kaɗan, kamar ranar nan tawa.

Ni abin da ya buɗe min kai, tunowa na yi da mai faskare. Duk wanda ya tashi a ƙauye ko gefen gari ya san wannan, ka hango mutum can nesa yana faskaren ice, ka ga gatari ya sauka, sai ya fara ɗaga shi sannan ƙarar ta iso ka. Haka mai daka, haka walƙiya da tsawa. Sauti a iska yana yin kusan mita 343 ne a daƙiƙa. Ba wanda zai ce mai faskaren ya yi jinkiri ko ya makara, nisa ne kawai tsakaninku ya koma lokaci. Kuma Hausa tana da kalmar da ke ɗaukar nisa da lokaci duka biyun: tazara. Muna cewa tazarar da ke tsakanin Kano da Zariya, muna cewa tazarar haihuwa. Shi ya sa na ce tazarar murya, ko tazarar sauti in kiɗa ne, a cikin aiki kuma tazara kawai ta isa.

Na gwada ta a baki in ji ko za ta zauna. Tazara ta yi yawa yau. Tazarar nawa ce a wajenka? Rage tazara. Bari in gama layi ka ƙirga biyu saboda tazara. Duk sun zauna, kuma abin da na fi so shi ne da ka ce tazara mutum ya san abu ne da ake aunawa, ana ragewa ana ƙarawa.

Tana kuma bayyana abubuwan da jinkiri ba zai bayyana ba. Kun san wakilin talabijin da ake tambaya daga sitidiyo ya tsaya yana gyaɗa kai kafin ya amsa? Tauraron ɗan adam na tsohon salo yana can sama a nisan kusan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai sun ci kusan kwata na daƙiƙa. Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan adam da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 taurarinsa suna kusan kilomita 550 ne, shi ya sa tasa tazarar ta yi ƙasa sosai. Ka ga a nan tazarar hanya ce ta haifi tazarar murya, kalma ɗaya ta ɗauki duka.

Manyanmu da suka yi aiki da ISDN sun san wani zamani daban. Layi ne na waya da ake haɗa biyu masu kilobit 64 a samu kilobit 128 a daƙiƙa, hanyar taka ce kai kaɗai har ka kashe, da akwatin aika murya irin Telos Zephyr a kowane ɓangare, tazarar kaɗan ce kuma ba ta motsi. Tsada ce da shi kuma kamfanonin waya a Turai da Amurka suna ta rufe shi. Yanzu abin da manyan sitidiyo na waje suka fi tambaya shi ne manhajar Source-Connect, akwai ipDTL da SessionLinkPRO da Cleanfeed masu aiki a cikin burauza, akwai kuma hanyar da yawancinmu muke bi, darakta ya saurara ta Zoom ko WhatsApp kai kuma ka naɗi muryar a kwamfutarka ka tura fayil ɗin sautin, wato WAV, daga baya. Wannan ta ƙarshen ni ita nake ba kowa shawara ko da wace manhaja yake aiki, ka riƙa naɗa a wajenka koyaushe, don tazara ba ta taɓa fayil ɗin da ke kan kwamfutarka, hirarku kawai take dagulawa. Wanda ya yi aiki ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma ya san amfanin wannan.

Sannan don Allah a ja kebul daga rauta zuwa kwamfuta a bar waifai, a cire hedifon na bulutut don shi kansa yana ƙara tasa tazarar, a roƙi mutanen gida su dakata da kallon bidiyo na awa ɗaya.

Saura guda da ban warware ba, ita ce jitter, wato tazarar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, yanzu milisakan 80 anjima 300, gutsattsarin murya suna isowa wani na riga wani har ka ji mutum yana kakkatsewa. A gaskiya ita ta fi ɓata aiki, don tazara mai yawa in a tsaye take za ka saba da ita cikin minti biyar. Ƙanen nawa ya ce tangal-tangal, ni kuma ina jin rawar tazara. Na fi karkata ga tawa saboda ta fito daga waccan, amma tasa ta fi daɗin faɗa. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke aiki da Faransanci a sitidiyo, me kuke ce wa waɗannan biyun in kun juya Hausa? Hajiya ke ma ina jiran taki.