Wane suna ya dace da iyon da ake yi a tafki, kogi da teku?

Jama'a, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana a kanta, domin duk lokacin da labarin gasar Olamfik ya zo, masu fassara kan rarrabu. Abin da Turawa ke kira "open water swimming" shi ne iyo a ruwan da ba a gina shi don wanka ba, inda babu bangon da za a dafa a huta, babu layi a ƙasa da zai nuna hanya, sai dai mai iyo ya riƙa ɗaga kai yana duban alamomin da aka jera a kan ruwa. An shigar da tseren kilomita 10 na wannan iyo cikin Olamfik a Bejin a 2008, a 2024 kuma a kogin Sen na birnin Faris aka yi shi. A karkarar Ingila, tafkin Windamiya, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 17, yana karɓar dubban masu wannan iyo kowace shekara.

Fassarar da aka fi gani ita ce "iyo a buɗaɗɗen ruwa", ni kuwa ban gamsu da ita ba. A Hausa, buɗaɗɗe kishiyar rufaffe ne, saboda haka kwamin wanka na otal da ba a yi masa rufi ba shi ma buɗaɗɗe ne, alhali shi ne ainihin abin da ake son warewa. Wasu sun kawo "iyon tafki", wanda ya yi daɗi a baki amma ya yi ƙunci, tunda ya bar kogi da teku a waje. Ga kuma wasu kafofin labarai sun riga sun ɗora "tafkin ninƙaya" a kan kwamin siminti, abin da zai ƙara rikita mai karatu. "Iyon ruwan Allah" ya burge ni, kamar yadda muke cewa dajin Allah, sai dai ruwan madatsa irin ta Tiga hannun mutum ne ya tare shi.

Shawarata ita ce "iyon babban ruwa". Idan Bahaushe ya ce babban ruwa, ya haɗa girma da zurfi da haɗari a kalma guda, kuma wasan ke nan: igiyar ruwa, sanyin da kan ɗaure gaɓoɓi, wanda ya sa hukumar iyo ta duniya ta hana gasa idan ɗumin ruwan bai kai digiri 16 ba, da jiragen da ke rakiyar 'yan wasa. Balan-balan mai launin lemo da masu iyon Windamiya ke ɗaurawa a ƙugu don a hango su ya yi kama da gorar masuntan Argungu, don haka "gorar iyo" ta ishe shi suna. Wanda ya fi son ninƙaya yana iya cewa "ninƙayar babban ruwa", ma'anar ɗaya ce.

Sauran wasanni, irin su tseren kwalekwale da nutso, "wasannin ruwa" ya riga ya zauna a kansu. Kabanci kuwa a bar wa Kabawa abinsu, domin suna ne na wasannin da suke yi a kogin Matan Fada na Argungu.