Tsohuwar kwamfutata za ta ɗauki katin girafik RX 580 kuwa?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗina. Kwamfutar nan yayana ne ya haɗa ta a 2014, da ya tashi tafiya bautar ƙasa ya bar min. Furosesa i5-4460 ce, bod (babban allon da ake dasa kayan a kai) B85, RAM 8GB sanda ɗaya, katin girafik kuma GTX 750 Ti mai 2GB. GTA V har gobe tana ja lafiya lau, amma wasan ƙwallo na FC 24 ya gagare ta. Da zarar 'yan wasa sun taru a bakin raga sai hoton ya riƙa tsaitsayawa, kafin ya sake an riga an zura min ƙwallo.

Wata shida ina tari daga kuɗin ɗinki. Mai shago ya nuna min kati biyu: RX 580 mai 8GB na hannu, da RX 6500 XT sabo fil a kwali. A jikin sabon an rubuta PCIe 4.0, wato nau'in ramin bod da ake saka kati, bod ɗina kuwa 3.0 ne. Zai shiga ko zai ƙone min bod? Fawa ɗina, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, an rubuta 350W a jiki, ban san ko wannan ma abin dubawa ne ba.

Mai Gyara Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan layin na ƙarshe da ka rubuta kamar ba komai ba, shi ne maganar gaba ɗaya. Batun rami ka kwantar da hankalinka, PCIe sabo da tsoho suna shiga juna, katin 4.0 zai zauna a ramin 3.0 ya yi aiki da gudun 3.0, ba abin da zai ƙone.

Wuta ce matsalarka. GTX 750 Ti wat 60 kacal yake ci, shi ya sa yayanka bai damu da fawa ba, ramin bod kaɗai yana ba da har wat 75. RX 580 kuwa wat 185 yake ja, yana son filogi mai baki takwas daga fawa kai tsaye, kuma fawa mai 500W ake so a haɗa shi da shi. Buɗe murfin gefe ka duba cikin wayoyin. In babu filogi mai baki shida ko takwas da aka rubuta PCI-E a kai, to wannan fawa ba na RX 580 ba ne. Ka kuma karanta takardar jikinsa a layin +12V, ka ninka amfiya da 12, shi ne ainihin ƙarfin da kati da furosesa za su raba. Fawa ɗin da ya shekara goma yana shan ƙurar hunturu da wutar janareta, ni ba na ɗora masa sabon kaya.

Abu Hanifa:
Don Allah ko mai shago ya miƙo maka 'yar wayar nan da ke juya filogin SATA zuwa baki takwas, kar ka karɓa. Ni na karɓa. Filogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, mai baki takwas kuwa 150. Sati uku ina wasa, rannan da daddare na ji ƙaurin roba, ina buɗewa na tarar bakin wayar ya narke ya yi baƙi ƙirin, ya manne da wayar had dis, wato ma'ajiyar fayiloli. Katin ya tsira, had dis ɗin da hotunan bikin ƙanwata ke ciki bai tsira ba. Har yau abin yana min ciwo.

Kuma RX 580 da yawa an yi haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su dare da rana har zuwa Satumbar 2022. Ba duka ne suka lalace ba, amma ka sa a kunna a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, a saka wasa na rabin awa kana kallon zafinsa da fankokinsa. In ka ga 2048 a wajen shedas (ƙananan injinan lissafin kati) maimakon 2304, to ƙarfin RX 570 ne aka ba shi sunan 580.

Umman Sadik:
Malam Ɗan Gwammaja, ni RX 6500 XT ɗin nan zan hana ka. Zai shiga kamar yadda Malam na Zariya ya faɗa, sai dai layi huɗu kawai yake amfani da su cikin sha shida, ga 4GB. A bod na 3.0 hanyar ta rage rabi, da ƙwaƙwalwarsa ta cika sai tsaitsayawar nan da kake gudu ta dawo. Na haɗa wa ɗana irin taka, GTX 1650 marar filogi muka saka, wat 75, ba mu taɓa fawa ba. Katin ya kuma haura GTX 1050 Ti da FC 24 ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Ka duba monitarka ma, in tsohuwar mahaɗar VGA ce kaɗai gare ta sai ka sayi adafta daga HDMI, don katunan nan sun daina fitar da VGA.

Mai Gyara Zariya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: i5-6600K wasan ya nema, taka ta ɗan gaza, don haka kati kaɗai ba zai share komai ba. Ƙara sandar RAM ta DDR3 8GB ta biyu su zama tagwaye, ita ce gyara mafi araha. Nan gaba i7-4790 zai zauna a bod ɗinka ba canjin komai. Kafin ka cire tsohon kati, goge direbansa da manhajar DDU.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na buɗe yanzu da tocila: babu filogin PCI-E ko ɗaya, layin +12V kuma 18A ne, wato wat 216. Kuɗina ba zai kai kati da sabon fawa tare ba, don haka gobe bayan Azahar zan je neman GTX 1650 da sandar RAM. Malam, sandar dole sai kamfani ɗaya da wadda ke ciki, ko gudun 1600 ɗin kawai zan duba?