Muhawara: Shin Wasa a Babban Lig ne Ya Sa Kirk Saarloos Ya Iya Horarwa a TCU?

Malamin Motsa Jiki: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Iƙirarina shi ne, a wasan besbol na jami'o'in Amurka, kocin da ya taɓa jefa ƙwallo a babban lig, wato MLB, gasar ƙwararru mafi girma, ya fi wanda bai taɓa ba, kuma Kirk Saarloos na jami'ar TCU da ke Fort Worth a jihar Texas shi ne hujjata. Ƙungiyar Houston Astros ta ɗauke shi a 2001 daga jami'ar Cal State Fullerton, ya yi wasa a babban lig daga 2002 zuwa 2008 a Houston da Oakland da Cincinnati. Yana cikin masu jifa shida da suka haɗu ranar 11 ga Yuni, 2003 suka hana New York Yankees samun ko bugu ɗaya mai amfani a gidansu, abin da rabon da a yi wa Yankees tun 1958. Da ya karɓi ragamar TCU a 2021, sai ga kambun Big 12, rukunin jami'o'in da TCU take ciki, a 2022, sai ga ƙungiyar a zagayen ƙarshe na gasar ƙasa a birnin Omaha a 2023, inda jami'o'i takwas na ƙarshe suke fafatawa.

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kawo mutum ɗaya, bari in kawo maka waɗanda suka fi shi kofuna. Skip Bertman ya ci wa jami'ar LSU gasar ƙasa sau biyar tsakanin 1991 da 2000, Tim Corbin ya ci wa Vanderbilt a 2014 da 2019, kuma babu ɗayansu da ya taɓa taka filin babban lig a matsayin ɗan wasa. Shi kansa Jim Schlossnagle, kocin da ya gabaci Saarloos, wanda ya gina TCU har ta je Omaha shekara huɗu a jere daga 2014 zuwa 2017, a jami'a wasansa ya tsaya. Saarloos gida ginanne ya gada lokacin da maigidansa ya koma jami'ar Texas A&M.

Malamin Motsa Jiki: Baba, a gafarce ni, amma wane ne ke kula da masu jifa a waɗannan shekaru huɗu da ka ambata? Saarloos ne, domin tun kakar 2013 yake mataimaki a can. Ba za a ce ya gaji ginin da da shi aka ɗora tubalinsa ba.

Yayar Gida: A nan nake ganin ku biyun kun tsallake abin da ya fi muhimmanci. Saarloos bai kasance tauraro ba. Shekararsa mafi kyau ita ce 2005 a Oakland, inda ya yi nasara 10 ya sha kaye 9, kuma jifansa ba shi da gudun da zai tsorata mai bugu. Abin da ya riƙe shi a lig shi ne ƙwallo mai nutsewa idan ta kusa isa wurin mai bugu, wadda take sa a doke ta ƙasa-ƙasa har masu tsaron fili su tare ta cikin sauƙi. Mutumin da ya rayu da dabara irin wannan dole ya san dalilin kowane motsi na yatsunsa da kafaɗarsa, ya san yadda ake karanta mai bugu, ya san ɗacin a mayar da mutum ƙaramin lig bayan ya ɗanɗana babba. Wanda Allah ya ba shi ƙarfin hannu tun yana yaro sau da yawa ba ya iya bayyana wa ɗalibi yadda yake yi, domin shi ma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba. Saboda haka, Malam, ko da na karɓi rabin maganarka, abin da ya amfani Saarloos shi ne wahalar da ya sha a babban lig, kuma wannan ba ya tabbatar da cewa kowane tsohon ƙwararre zai iya.

Dattijon Zaure: Hajiya ta yi magana mai ma'ana, sai dai ni ko wannan rabin ban ba shi ba tukuna. Aikin babban koci a jami'a ya wuce gyara hannun mai jifa nesa ba kusa ba. Shekaru da yawa, har zuwa 2025, dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta taƙaita tallafin karatu na ƙungiyar besbol ga gurbi 11.7, wanda koci yakan gutsuttsura wa 'yan wasa da yawa, kuma a jami'a mai zaman kanta mai tsadar kuɗin makaranta irin TCU wannan ya kasance lissafi mai zafi. Ga kula da sakamakon jarrabawar yara, ga lallashin iyaye, ga masu ba da gudummawa, ga kuma yadda ɗan wasa yanzu yake iya sauya jami'a cikin sauƙi. Wane ɓangare na wannan ake koya a filin Oakland? A shekaru goma sha ɗaya da Saarloos ya yi yana mataimaki, biyu a Fullerton da tara a TCU, ya koyi wannan.

Ƙanin Kowa: Iyayena da yayyena, ina da abin da zan ƙara wa Malam. Batun lallashin iyaye da Baba ya ambata, ai nan ne sunan babban lig yake aiki. Nick Lodolo, Pittsburgh Pirates ta zaɓe shi na 41 a zaɓen sababbin 'yan wasa na babban lig a 2016 yana gama sakandare, ya ƙi sa hannu ya tafi TCU, kuma a 2019 Cincinnati ta ɗauke shi na bakwai. Yaron da ke da damar karɓar kuɗi nan take, idan ya zaɓi jami'a ya san a ƙa'ida sai ya yi shekara uku ko ya cika shekara 21 kafin a sake zaɓensa, don haka yana neman wanda ya san hanyar da yake son bi. Haka Brandon Finnegan, wanda a 2014 ya yi wa TCU wasa a Omaha, kuma kafin shekarar ta ƙare ya jefa wa Kansas City Royals ƙwallo a wasan ƙarshe na babban lig.

Dattijon Zaure: Ɗana, Corbin ma ya fitar da David Price da Sonny Gray da Walker Buehler daga Vanderbilt. Sannan ka duba Wes Johnson, wanda bai yi wasan ƙwararru ba, amma Minnesota Twins ta ɗauko shi daga jami'ar Arkansas a ƙarshen 2018 ya zama kocin masu jifanta. Idan babban lig da kansa yana zuwa jami'a neman malami, to iƙirarin Malam ya juye. Kuma tun da ana lissafa 2022 da 2023, adalci ya sa a faɗi cewa a 2024 TCU ba ta ma samu shiga gasar ƙasa ba.

Malamin Motsa Jiki: Na ji batun 2024, kuma ba na musunta shi, amma kaka ɗaya ba ta isa hukunci ba, kamar yadda Baba ba zai yarda in yi hukunci da 2023 kaɗai ba. Abin da zan rage a maganata shi ne kalmar "ya fi". Abin da ba zan janye ba shi ne cewa mai jifa ɗan shekara 19 da hannunsa ya fara ciwo ya fi sakin jiki ya faɗa wa wanda ya san irin wannan ciwon a jikinsa.

Yayar Gida: Wannan ma ina da ja a kai, Malam. Tsofaffin 'yan wasa da yawa sun taso a zamanin da ake ɗaukar haƙuri da ciwo a matsayin jarumta, kuma irin wannan tarbiyya tana iya sa koci ya bar yaro a fili ya wuce jifa ɗari da ashirin domin a ci wasan daren Juma'a, alhali jijiyar gwiwar hannunsa ce za ta biya. Idan muna son auna Saarloos a kan wannan, sai wani ya kawo mana adadin jifan da masu fara wasa na TCU suke yi a kowane wasa tun 2022, mu kwatanta da na sauran jami'o'in Big 12.