Yadda ake jin ra'ayin fasinjojin jirgin ƙasa

Ga abin da na tsinta daga tattaunawar masu aikin binciken ra'ayi, inda aka ɗauki jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara jigila a 2016, a matsayin misali.

Kusan baki ya zo ɗaya a kan cewa a cikin tarago ya fi dacewa a raba takardar tambayoyi, bayan jirgi ya tashi daga tashar Rigasa ta Kaduna. Wanda ya sauka a tashar Idu ta Abuja yana jan akwati yana waige-waigen tasi ba zai saurare ka ba. Tambayoyin kada su cika yawa, kowace a ba ta maki daga 1 zuwa 5: sayen tikiti, tashi kan lokaci, tsabtar bayan gida, tsaro. A rubuta da Hausa da Turanci, wanda bai iya karatu ba a karanta masa, kuma mace ta tambayi mata.

An ja daga kan jin ra'ayi ta intanet. Arha ne, amma galibi wanda ransa ya ɓaci shi ke amsawa, ni ma haka na gani. A lissafi, amsoshin fasinjoji kusan 385 da aka zaɓo ba tare da son rai ba sun wadatar, muddin an haɗa jirgin safe da na yamma, har da ranar Juma'a.