Ina son karantar ƙasusuwan da suka koma dutse, ta ina zan fara?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu, na BUK. Tun ranar da malaminmu ya nuna mana hoton kan Nigersaurus, dabbar nan mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500 da aka tono a Gadoufaoua ta Nijar, na ƙwallafa rai a kan fannin nan. Burina in yi digiri na biyu da na uku, in koyar a jami'a. Baba kuwa ya ce in na gama hidimar ƙasa ko dai in nemi aikin mai, ko in zo shago a Kwari. Ban yi masa musu ba, amma abin na nan a raina. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

Tsohon Jiyolojis:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara sanin cewa Kano zaune take a kan tsohon dutse irin giranit, narkakke ne ya daskare, ƙashi ba ya zama a cikinsa. Filinka yana ƙasar Sakkwato. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ta malale yankin, ta bar laka da yashi hawa-hawa: Taloka a ƙasa, sai Dukamaje, sai Wurno, sai Dange, sannan farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita. A shimfiɗar Dukamaje aka samo wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka fara bayaninsa a 1930, masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Akwai kuma wani kada da ake kira Sokotosuchus.

Ka lura da yadda na jero su, domin nan aikin yake. Ƙashin da aka tsinta ba a rubuta daga wace shimfiɗa ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi. Za ka wuni a durƙushe bakin kware da guduma da littafi, kana auna kaurin kowace shimfiɗa, kana rubuta launinta da laushinta. Wata rana abin da za ka samu haƙorin kifi ne baƙi mai sheƙi, bai fi ƙwayar kankana ba. In hakan zai faranta maka rai, to fannin naka ne.

Maman Hanifa:
Ƙanena, maganar Baba da taka ba su yi karo ba. Karanta shimfiɗar duwatsu shi ne abin da masu neman mai suke buƙata, a Neja Delta ko a Kolmani. Ka yi digiri na biyu a kansa, ka haɗa da ƙananan burbushin halittu da ake dubawa da madubin likita, ka nemi tallafin karatu na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur. Haka za ka yi wa Baba bayani, cikin ladabi. Kujerun koyarwa kaɗan ne, gara kana da abin riƙewa a hannu. Digiri na uku a kan ƙashi kuma, sai ka rubuta wa malaman waje da suke aiki a yankinmu.

Ba'agadeze:
Ka koyi Faransanci tun yanzu. Cikin masanan da suka tono ƙasusuwan nan, Philippe Taquet Bafaranshe ne, Paul Sereno daga Chicago yake zuwa, ƙasusuwan kuma a ƙasarmu Nijar suke. Yana damuna a ce namu ba su kai ko'ina ba a wannan fanni. In ka samu hutu ka shigo Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama, ka ga ƙasusuwan da idonka. Masauki na wuyana.