Abin da aka tattauna kan ICE (hukumar da ke kama baƙin haure) da makarantun yara a Amurka

Jama'a magana ta yi tsawo, ga abin da na tsinto a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda yaro yana da haƙƙin makarantar gwamnati ko iyayensa ba su da takardu, tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke haka a shari'ar Plyler v. Doe.

2. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta cire ƙa'idar da ke taƙaita wa ICE kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada, shi ya sa hankali ya tashi. Amma makarantun New York da Chicago da Los Angeles sun ce ba za su buɗe ƙofa ba sai an kawo waranti mai sa hannun alƙali, wanda ICE suka rubuta da kansu bai isa ba, wannan fa an nanata shi sosai.

3. Dokar FERPA ta hana makaranta ba da yawancin bayanan ɗalibi sai da izinin iyaye ko umarnin kotu, ban da wasu keɓantattun yanayi.

4. A sabunta lambobin gaggawa a ofis, a rubuta amintacce da zai ɗauko yara idan an tsare uwa ko uba.

Inda aka rabu: wasu musamman 'yan Bronx da ke birnin New York sun ce a bar yara gida idan an ji ICE a unguwa, wasu suka ce fashin makaranta ma matsala ce, gara iyaye su riƙa karɓa-karɓa wajen raka su. Ni dai na fi karkata ga na biyun.