Tifar LEGO mai ƙafa goma: giya na tsalle, kardan ya karye, bodi ya ƙi tashi da yashi

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar haɗa manyan motoci da tubalan LEGO Technic. Tifa nake haɗawa mai ƙafa goma, irin masu ɗibar yashi nan Damagaram, daga hoto da awo, ba daga littafin kwali ba. Tayoyin milimita 62.4 x 20 ne. Injin XL na Power Functions (tsarin injunan lantarki na LEGO) guda ɗaya ke jan ta, Servo na sitiyari, injin M kuma yana juya babban jak mai zare, wanda ke miƙewa rami 5 (da tazarar ramukan LEGO muke awo), don ɗaga bodi. Wuta daga akwatin pil shida, rimot mai hasken infirared. Nauyinta ba kaya ya kusa kilo 2.5.

Daga bakin injin XL na sa giya mai haƙora 8 a kan mai 24 har sau biyu, sai kardan (gaɓar da ke lanƙwasawa tana juya sanda), sai difaransiyal biyu na baya (giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama). Ga abin da ke faruwa: da ta haɗu da ɗan tudu sai a ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin giya, kardan kuma ya tsage sau biyu. Bodin tsawonsa rami 40, faɗi 17, zurfi 9, in an cika shi da yashi jak sai ya yi ta ƙara bai motsa ba. Rimot yana aiki a ɗaki, a tsakar gida da rana kuwa sai ya ga dama. Ina kuskuren yake?

Bakaniken Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kardan ɗinka ba shi da laifi, wurin da ka ajiye shi ne ya kashe shi.

Mu yi lissafi. 8 a kan 24 ragin 3 ne, sau biyu ya zama 9. Difaransiyal mai haƙora 28 da giya mai 20 ke juyawa ya ƙara 1.4, duka 12.6 ke nan. XL ba kaya yana juyi kusan 220 a minti, to ƙafarka juyi 17 take yi. Kewayen tayar milimita 196 ne, wato motar ba ta cin mita 3.5 a minti. Wannan ragi ya yi yawa ainun ga mota mai kilo 2.5. Abin da ya fi muni, ka ninka ƙarfin injin sau 9 tukuna, sannan ka bi da shi ta cikin kardan. XL shi kaɗai, in aka danne shi ya tsaya, yana iya murɗe sandar giciye kamar igiya. Ninka wannan sau 9 ka ɗora wa ɗan kardan na roba, dole ya tsage.

Doka ɗaya ce a babbar mota da ƙarama: sanda mai tsawo ta yi gudu da ɗan ƙarfi, ragi ya zo daf da ƙafa. Cire giyoyin nan huɗu. Daga inji kai tsaye zuwa kardan, sai a jikin aksil na farko ka sa 12 a kan 20, sannan 20 a kan 28 na difaransiyal. Jimla 2.33, ƙafa juyi 94, kusan mita 18 a minti. In ka ga tana nishi a tudu, mai da 12 a kan 20 ya koma 12 a kan 36, jimla 4.2. Na ce 12 da 36 ban ce 8 da 24 ba, ko da yake ragin ɗaya ne, domin mai haƙora 8 ita ce mafi rauni a gidan gaba ɗaya.

Tazarar giya ba a kintace ta. Tara haƙoran biyu ka raba biyu, abin da ya fita shi ne milimita tsakanin cibiya da cibiya, rami ɗaya kuma milimita 8 ne. 12 da 20, ko 16 da 16, ko 8 da 24, duk rami 2. 12 da 36, ko 8 da 40, rami 3.

Ƙas-ƙas ɗin kuwa tsallen haƙori ne. Giya biyu in suna aiki tura juna suke yi waje. In sandarsu a gefe ɗaya kawai take da madogara, sai ta lanƙwasa kaɗan, haƙori ya haye haƙori. Kowace giya mai ɗaukar ƙarfi a kama sandarta gaba da baya, azara mai ramuka nan, wata can, a ɗaure azarun biyu da wata a tsaye don kada su buɗe. Difaransiyal kuma gidansa firam ɗin nan mai 5 x 7, guda ɗaya ne ba haɗi, ba ya buɗewa. Duba ƙusoshinka ma: baƙa da shuɗiya masu riƙo ne, na ɗaure shasi. Mai ruwan toka da mai ruwan ƙasa sakakku ne, na wurin da ake son abu ya juya. In ka ɗaure shasi da sakakku zai yi ta rawa.

Sai ka kula da wannan, yana cin mutane da yawa. In za ka wuce da juyi daga aksil na farko zuwa na biyu ta hanyar sa wata giya mai 20 a bayan difaransiyal na farko, sandar da ta fita baya juyinta akasin ta gaba ne. Don haka difaransiyal na biyu sai ka kifa shi, haƙoransa su koma ɗaya gefen. In ba haka ba, ƙafa huɗu na juyi gaba, huɗu na juyi baya, motar na tsaye tana cin kanta. Juya sandar da hannu ka kalli tayoyin kafin ka ɗora bodi. Kardan biyu a sanda ɗaya kuma bakunansu na ciki su kalli fuska ɗaya, in sun saɓa za ka ga motar na tafiya tana fizga.

Malamar Lissafi:

Ɗan Birni, sannu da ƙoƙari. Abin da Bakanike ya faɗa daidai ne, ni bodin zan taɓa.

Tayar babbar mota mai lamba 315/80 R22.5 tsayinta kusan milimita 1076 ne. Raba da 62.4, ka sami 17 da ɗan kai. Motarka ke nan 1:17 ce, kuma faɗin mita 2.5 ya zama rami 18 zuwa 19. Waɗannan tayoyin ne a jikin Mercedes-Benz Arocs mai lamba 42043 da LEGO ya fitar a 2015, in ka sami littafinta ka duba yadda aka ɗaure aksil na baya, akwai darasi a ciki.

Amma tsawo ne ke raguwa sau 17. Ciki da nauyi sau 17 x 17 x 17 suke raguwa, wato 4913. Bodinka santimita 32 ne a 13.6 a 7.2, ya ɗan haura lita 3. Busasshen yashi lita ɗaya wajen kilo 1.5 ne. Ka ga ka ɗora wa jak ɗaya na roba fiye da kilo 4.5. Ƙarar da kake ji kuloci ne da ke cikin jak ɗin, an yi shi ne don ya zame in nauyi ya fi ƙarfinsa, kada zaren ya lalace. Ba lalacewa ya yi ba.

Ko da kilo 1.5 ne, kwanciyar jak ɗin za ta iya hana shi. A ce tsakiyar kaya na rami 16 daga maƙalar bodi, jak kuma ya kama a rami 8. Ana buƙatar turi na kilo 3 a miƙe sama. In jak ɗin na kwance, digiri 10 kacal tsakaninsa da ƙasan bodi, kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa ne ke ɗagawa, sauran yana tura maƙalar ne baya. Sai ya yi turin kilo 17 kafin bodi ya motsa. Sauke gindinsa cikin shasi har kusurwar ta kai digiri 30, buƙatar ta faɗo kilo 6. Sa jak biyu gefe da gefe, kowanne kilo 3. Santimita na farko shi ne mai wuya, da bodi ya ɗan tashi kusurwa na buɗewa, aiki na sauƙi.

Kada ka ce bari ka kai jak can gaba kusa da kai don samun sauƙi. Miƙewarsa rami 5 ce kawai, bodi ba zai kai digiri 45 da kaya ke buƙata don zubewa ba. Akwai dogon jak mai miƙewa rami 8 da ya fito a 2019, in ka same shi za ka iya matsawa gaba. Matso da maƙalar bodi rami 3 ko 4 daga ƙarshen baya ma yana taimakawa, don abin da ya rage a baya na rage wa jak nauyin na gaba. In jak biyu ne, mai da su duka ƙarshe da hannu kafin ka haɗa giyarsu, in ɗaya ya riga ɗaya bodi zai murɗe.

Shawarata ta gaskiya, bar yashi. Ba nauyinsa kaɗai ba, yana bi ta ramukan azara ya sauka kan giya. Gyaɗa mai ɓawo ta fi, ba ta da nauyi, ba ta shiga rami, kuma tana zubewa da kyau.

Mai Gyaran Rediyo:

Batun rimot ba gyara gare shi ba, ɗan'uwa. Hasken rana cike yake da infirared, ranar Damagaram kuwa ba sai an faɗa ba, tana rufe ɗan hasken da rimot ke aikawa. Abin da za ka iya: fito da idon mai karɓar saƙo saman kan motar, kada gilashi ko rufi ya tare shi, ka yi wasa a inuwa ko bayan la'asar. Tunda injuna uku gare ka, masu karɓa biyu kake buƙata, kowanne na ɗaukar inji biyu. Tashoshi huɗu ne, sa su a tasha daban-daban. In kana son tsakar rana, sai akwati mai Bluetooth da ake tuƙawa da waya, kamar SBrick ko BuWizz, duka suna karɓar filogin Power Functions. Tsarin Powered Up na LEGO shi ma Bluetooth ne, amma filoginsa daban, injunanka ba za su shiga ba.

Pil kuma: na tocila masu arha ba sa iya ciyar da XL, da an ja wuta sai su faɗi, Servo ya fara ruɗewa. Alkalin shida na ba da volt 9. Masu caji na NiMH 7.2 suke bayarwa, gudu zai ɗan ragu, amma suna riƙe ƙarfinsu har kusa da ƙarshe, ni su na fi so. In motar ta mutu gaba ɗaya a tudu, bayan ɗan lokaci ta dawo, kariyar da ke cikin akwatin pil ce ta yanke saboda zafi. Alama ce inji na danne, ba pil ne suka ƙare ba.

Servo digiri 90 yake juyawa kowane gefe. Ba shi wuta ya koma tsakiya da kansa tukuna, sannan ka daidaita tayoyi ka sa giya. Rubu'in juyi a giya mai 12 haƙora 3 ne, wajen milimita 9.4 a kan sandar sitiyari mai haƙora, ya ɗan fi rami ɗaya. In hanyar sandar ba ta kai haka ba, Servo zai yi ta turi yana zafi. Sa mai 8, tafiyar ta koma milimita 6.3. Da ƙaramin rimot hagu, tsakiya, dama kawai za ka samu. Rimot mai dawurwuri shi ke ba da mataki bakwai kowane gefe, amma da yawa daga Servo na kwaikwayo ba sa bin matakan.

Ɗan Birni:

Na gode Yaya, na gode Malama, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. In sa wa giyoyin mai? Kuma in ƙafa ɗaya ta rataya a rami sai ta yi ta juyi ita kaɗai, motar ta tsaya.

Mai Gyaran Rediyo:

Giris na silikon kaɗan, a kan tsinke. Baƙin mai da duk abin da aka yi da fetur kada ya taɓa su, yana sa robar ABS ta yi rauni ta tsage.

Bakaniken Zango:

Malam, a kan baƙin mai muna tare, amma silikon ɗin ma ban yarda da shi a garin nan ba, sai a wurin da ke rufe ruf. Giyar Technic a buɗe take. Da hunturu ƙura na sauka kan giris, su haɗu su zama kamar garin wasa wuƙa, su ci haƙori da bakin rami. Busasshiyar giya da ake gogewa da tsohon buroshin haƙori bayan kowane wasa ta fi daɗewa. In ka ga gari mai laushi a inda sanda ke juyi cikin azara, robar ce ke cinyewa: ko bushi ya matse azarar, ko sandar na ɗauke da nauyin da ya kamata a raba wa madogara biyu. Bar ɗan sarari kamar kaurin takarda tsakanin bushi da azara. Wanki da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa, injuna da waya kuma ba sa shiga ruwa. A watan Afrilu da Mayu kada a bar motar a rana ko cikin mota a rufe, musamman in akwatin mai batirin lithium ne. Fararen tubala da masu ruwan toka ma rana na mai da su rawaya.

Ƙafar da ke juyi ita kaɗai kuwa halin difaransiyal ne, inda ya fi sauƙi yake kai juyi. Fara da sa tayoyin su taɓa ƙasa: ɗora aksil biyun na baya a kan azara ɗaya kowane gefe, mai maƙala a tsakiya da ƙusa sakakkiya, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, kamar yadda sifirin ɗin bayan manyan tifofi ke yi. Wannan kaɗai na magance yawancin abin. In bai isa ba, cire ƙananan giyoyi uku na cikin difaransiyal na ƙarshe ba zai yi ba, don gidan ba ya riƙe sanda. Sai dai ka fitar da shi gaba ɗaya, ka sa sanda ɗaya daga taya zuwa taya, da giyoyin da za su ba da ragin da ya yi daidai da na aksil na farko. In ragin ya bambanta ko kaɗan, aksil biyun za su yi ta faɗa da juna. Ka sani kuma motar za ta buɗe kwana fiye da da, tayoyin baya za su riƙa gogar siminti, don haka gwada a kan tabarma da kan ƙasa duka kafin ka rufe shasin.